Mabuɗi Ɗaya, Kwamfuta Shida

Litinin, da hantsi

Na shigo shago na tarar da ma'aikata sun zagaye kwamfutar bakin ƙofa kamar ana rabon gado. Wani jan rubutu ne ya hau fuskarta, yana cewa an dakatar da lasisinmu saboda ana zargin an yi amfani da mabuɗin ba bisa ƙa'ida ba. Muka kunna sauran biyar ɗin, duk bakinsu ɗaya.

Aikinmu ɗinka bajo da tambari ne a jikin rigunan makarantu da hulunan kamfanoni. Akwai wata manhaja a kwamfutocin, ita ke mayar da zane ya zama ɗinkin da inji zai gane. In babu ita, injinan ba su iya komai sai maimaita tsoffin zanen da ke cikin filash. Da za mu saye ta, ƙanina Auta ne ya dage sai mun sayi lasisin jumla, wato mabuɗi ɗaya na dogayen lambobi da zai buɗe kwamfuta shida. Baba ya yi ta mita, amma da aka ce masa ɗaya hanyar ita ce ta sata, ya ce a kawo ta gaskiyar.

Na ce wa kowa ya koma kan injinsa, kuskure ne, kafin azahar an gyara. Na faɗa da ƙarfin hali ne kawai, ni ma ban san komai ba.

Litinin, da yamma

Ba a gyara ba. Na kira wakilan kamfanin, aka yi ta jefa ni daga wannan zuwa wancan ana sa mini kiɗa a kunne, har na faɗa hannun wata mata mai sanyin murya. Ta ce a wurinsu mabuɗinmu ya buɗe kwamfuta sama da ɗari. Na yi dariya. Na ce baiwar Allah, shagonmu in mutum biyu masu ƙiba suka haɗu a tsakiya sai ɗaya ya karkace, ina za mu sa kwamfuta ɗari?

Ba ta yi dariyar ba. Ta ce yawanci idan haka ta faru, wani ne a cikin gida ya fitar da mabuɗin, ko ya sayar ko ya ba abokai. Za su bincika, kafin nan lasisi yana rufe.

Da na sani da ban sa wayar a sifika ba. Baba yana tsaye a bayana.

Talata, da azahar

Ba zan rubuta abin da Baba ya ce ba.

Mutum biyu ne suka san mabuɗin nan a duniya. Auta yana da shi a wayarsa, Baba kuma yana da katin da ya zo da shi, a aljihun gaban rigarsa, inda ko Mama ba ta sa hannu. Lissafin Baba gajere ne: shi bai ba kowa ba, saura wa?

A gaban ma'aikata ya faɗa. Injina duk suna aiki, amma kowa ya ji. Auta ya cire tabaransa ya goge da gefen riga, ya mayar, ya tura kujerarsa ƙarƙashin tebur a hankali, ya fita. Ko kofin shayinsa bai ɗauka ba.

Ni kuma ina tsaye da almakashi a hannu kamar gunki.

Laraba, da safe

Bai zo ba.

Alhamis, da yamma

Bai zo ba, kuma ba ya ɗaga wayata. Shugabar makarantar da ta ba mu aikin sabon bajo ta kira, na ce mata ana kai. Ana kan me, oho.

Baba yana ta kai da kawowa da tsummansa yana goge injin da babu ƙura a kansa. Haka yake in abu ya dame shi. Tun yana da keken ɗinki ɗaya tal a bakin titi yake da wannan ɗabi'a, ya ce injin da ba a wankewa shi ke cin amanar mai shi. Har yau duk Asabar ta ƙarshen wata rufe shago yake yi, ya kori kowa, daga shi sai Injiniya mai gyara, su kwance komai su wanke su zuba mai. Mun daɗe da sa wa ranar suna ranar wankan amarya, a bayan idonsa dai.

Na wanke kofin Auta na kife a kan teburinsa. Dogo, babban mai kula da injinanmu, ya kalle ni ya kau da kai.

Asabar, da hantsi

Injiniya ya leƙo. Ya ja ni gefe ya nuna mini wani filash ja, ya ce akwai fasasshiyar manhajar a ciki, irin wadda aka karya mata mabuɗi, kafin in gama shan ruwa ya sa mana a duka shidan. Rabin shagunan layin nan da ita suke aiki, babu wanda ya mutu.

Gaskiya raina ya biya. Ina kallon rigunan makaranta a jibge har rufi, ina tuna muryar shugabar nan. Har na buɗe baki zan ce sa, sai ga Baba, wanda in ana maganar da ta shafe shi kurma ne, in ba ta shafe shi ba kuwa kunnensa ya fi na zomo.

"Mayar da abinka aljihu," ya ce. "Ban taɓa ɗinki da zaren sata ba, ba kuma zan fara da furfura a kaina ba."

Injiniya ya sosa ƙeya ya ce wasa yake yi. Ni kuma na ji kunya da alfahari da haushi duk a lokaci ɗaya. Mutumin da ke da irin wannan gaskiyar, me ya hana shi ganin ta a fuskar ɗan da ya haifa?

Lahadi, bayan la'asar

Na je gidan Auta. Matarsa ce ta buɗe, da cikinta a gaba, ta rungume ni. Shi yana zaune a ƙasa ya baza takardu yana zane da fensir, irin yadda yake yi tun yana ƙarami in an ɓata masa rai.

Na yi ta zagaye-zagaye, na tambayi lafiya, na tambayi asibiti, na yaba labule. Shi ya gaji ya taimake ni.

"Yaya, tambayi abin da kika zo tambaya."

Na ce ban zo tambayar komai ba.

"To ni zan faɗa. Ban ba kowa ba. Ba zan kuma rantse ba, don wanda sai na rantse masa zai yarda, ko na rantse ba zai yarda ba."

Na ce na yarda. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce ran Talata ma ai ina wurin. Sai na ce shayin matarsa ya yi sukari da yawa.

Da za ta raka ni, a bakin ƙofa take gaya mini wani kamfanin buga riguna a wani gari mai nisa ya daɗe yana nemansa, yana ƙi saboda Baba. Wannan karon ya amsa. Farkon wata zai tafi, ita kuma ta bi shi bayan ta haihu. In ya tafi a haka, na san halinsa, ba dawowa zai yi ba.

Litinin, da safe

Na gaya wa Mama. Ta ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan uban ne a kan ɗan, ita ta gaji da raba kan duwatsu biyu. Amma na ga ta juya tana share ido da gefen mayafi.

Baba ban gaya masa ba. Ko na gaya masa cewa zai yi Allah ya kiyaye hanya, sannan ya je ya goge inji.

Laraba, da azahar

Yau an ɗan ga haske. Dogo ya tuna akwai wani tsohon bajo da muka taɓa yi mai kama da na makarantar nan, littafi da fitila, rubutun ƙasa ne kawai ya bambanta. Shugabar ta yarda mu fara ɗinka hoton, rubutun ya biyo baya. Injina sun tashi, shago ya dawo da ƙararsa, har wani ya kunna rediyo.

Matar kamfani ma ta kira da kanta. Na fara sabawa da ita, har na san tana da tari. Ta ce abin ya ɗaure mata kai, don masu satar mabuɗi a warwatse suke fitowa, yau nan gobe can, namu kuwa duk daga wuri ɗaya ne, kuma jefi-jefi, a dunƙule. Ta tambaya ko muna da wani reshe a bayan shago. Na ce abin da ke bayan shagonmu kwata ce da mai gyaran taya.

Na faɗa wa Baba, ina fatan zai ce to ashe ba a waje aka sayar ba. Sai ya ce wato a nan cikin shagonsa ake kawo kwamfutocin mutane ana buɗe musu. Na fita na tsaya a bakin titi har numfashina ya daidaita.

Alhamis, da yamma

Kofin yana nan a kife.

Juma'a, da safe

Na aika wa Auta hoton bajon da muka fara. Ya gani bai amsa ba. Can da jimawa sai ga saƙo: fitilar ta karkace, a sassauta zaren ƙasa. Na duba, wallahi ta karkace. Na yi ta murmushi ni kaɗai kamar wadda aka yi wa albishir. Wanda ya cire ransa daga wuri ba ya ganin karkacewar fitila.

Gobe Asabar ta ƙarshen wata. Na ce wa Baba a bar wankan wannan watan tunda kwamfutocin ma a rufe suke. Ya ce ko gawa ana yi mata wanka. Kwana biyu ba ya cin abinci sosai, don haka zan je in zauna da shi ko ya kore ni.

Asabar, da azahar

A kan teburin yanka nake rubuta wannan.

Bai kore ni ba, ya dai ba ni tsumma. Shi da Injiniya suka kwance injina, suka busa, suka zuba mai, ina ta hamma. Da suka gama sai na ga Injiniya ya koma kan kwamfutar bakin ƙofa, ya kwashe zane-zanenmu ya zuba a ɗan akwatin ajiya, ya soka wani filash. Na tambaye shi me yake yi. Ya ce wanki. Na ce ai na ɗauka ƙura ake busa musu. Ya ce ina, Baba ba ya son wankin sama-sama, goge komai ake yi tas, ta koma kamar yau aka sauke ta daga kwali, sannan a sake zuba manhaja, a mayar da komai inda yake, har hoton da ke kan fuskarta.

Ban gane ba tukuna, har sai da kwamfutar ta farfaɗo ta nemi mabuɗi. Baba ya ce wa Injiniya ya juya baya, ya juya kamar wanda ya saba. Baba ya zaro katin daga aljihu, ya cire hularsa ya kare allon dannawa da ita, ya shiga danna lambobin da yatsa ɗaya yana motsa baki.

Na ajiye tsumman.

"Baba, tun yaushe ake yin haka?"

"Tun da aka kawo su. Duk wata."

"Duka shidan?"

"To wacce za a bari da datti?"

Na ce kuma duk wata kai kake sa mabuɗin. Ya ce da wa zai sa, ai shi bai taɓa bari wani ya gani ba, a tambayi Injiniya.

Sai yanzu na tuna yadda Auta ke mita duk farkon wata wai an sake taɓa masa saiti, mu ce masa ya cika ƙorafi. Shi mai zane ne, ba mai gyara ba, kuma bai taɓa zuwa ranar wanka ba, don Baba ba ya bari.

Na kira matar kamfani a lambar da ta ba ni, duk da Asabar ce. Na sa sifika, wannan karon da gangan. Na ce idan aka goge kwamfuta tas aka sake sa mabuɗi, ɗaya kuke ƙirgawa ko biyu? Ta ce in ba a fara sakin lasisin daga cikin manhajar ba kafin a goge, na'urarsu sabuwar kwamfuta take gani. Sannan ta ce, sau nawa kuka yi? Na ce ta ɗauki shida ta yi ta ninkawa da watanni. Tari ya sarƙe ta, ina jin dariya ce take ɓoyewa.

Injiniya ya ce shi fa aikin da aka sa shi yake yi, ya tattara jakarsa ya sulale. Baba ya zauna a kan kujerar Auta, hula a hannu, katin a cinya. Na so in ce garin neman gira an rasa ido, maganar har ta zo bakina, sai na ga fuskarsa na haɗiye. Ban taɓa ganin ya tsufa haka ba.

Ya ce, "Ni ne ke nan." Na ce kuskure ne, Baba. Ya ce ba kuskuren yake nufi ba.

A nan na gaya masa zancen tafiyar.

Lahadi, da hantsi

Na kira Auta, ya ɗaga, na zayyana masa komai. Na ɗauka zai yi murna ko ya yi dariya. Cewa ya yi to alhamdulillahi, an wanke kwamfuta an wanke shi. Tikitinsa na jibi da rana ne, kuma ya riga ya ba mutane kalmarsa.

Na ce Baba ya yi nadama. Ya ce Baba ne ya faɗa ko ni ce nake fassara? Na yi masa tsawa irin ta yayye, ya ce a gaida Mama.

Mama ta ce tun jiya Baba ke sa takalmi yana cirewa. Sau biyu ya kai bakin titi ya dawo, wai ya manta tabarau, alhali suna kan hancinsa.

Litinin, da yamma

Matar kamfani ta ce sun gamsu. Za su soke tsohon mabuɗi su ba da sabo, amma ƙa'idarsu sai wanda sunansa ke kan lasisin ya zauna a gaban ɗaya daga kwamfutocin, su kira shi su tabbatar, sannan su tura lambar a wayarsa shi kaɗai. Ta ba ni haƙuri wai ta san takura ce. Na ce Allah ya yi wa wannan ƙa'ida albarka, da ita da wanda ya ƙirƙiro ta. Ta ce a shekarunta na aiki ba a taɓa sa wa ƙa'idarsu albarka ba.

Auta ya ce zai biyo gobe da safe a kan hanyarsa ta tasha, don ma'aikata, ba don kowa ba.

Talata, da azahar

Ya zo da jakar tafiya a kafaɗa. Ya gaida Baba a tsaye, gaisuwar baƙo, ya wuce teburinsa. Ya ga kofin, bai taɓa ba.

Baba ya ɗaga hannu ya ce wa Dogo a kashe injina. A tsakiyar aiki, da zare a allura, abin da bai taɓa yi ba. Shago ya yi tsit har ana jin mai gyaran taya yana buga ƙarfe a baya.

"A nan na faɗi magana a kan yaron nan, kuna ji," ya ce. "To ku ji wannan ma. Bai ɗauki komai ba, bai ba kowa komai ba. Ni na yi ɓarnar da hannuna, na ɗora masa. Na zalunce shi."

Ya juya wajen Auta. "In tafiyar alheri ce a gare ka, ka tafi, na sa maka albarka. Amma kada ka tafi da waccan kalmar. Ka bar mini ita a nan, tawa ce."

Auta ya cire tabarau yana gogewa, ya daɗe yana gogewa. Ni dai na bar hawayena suka yi abin da suka ga dama. Allah ya taimake mu waya ta yi ƙara, matar kamfani ce.

Suka yi tambayoyinsu, ya amsa, lambar ta shigo. Ya ja kujera zai danna, sai Baba ya matso, ya cire hularsa ya kare masa allon dannawa da ita, ya juya fuskarsa bango don kada shi kansa ya gani. Haka suka bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya, ɗa yana dannawa, uba yana riƙe da hula yana kallon bango. Jan rubutun yana ɓacewa, Dogo yana ƙirgawa da ƙarfi kamar ana zura ƙwallo.

A ta ƙarshe Auta ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Baba, daga yau kwamfuta ƙura kawai za a busa mata." Baba ya ce ko busawar ma sai da izininsa. Aka fashe da dariya, har da su biyun.

Talata, bayan la'asar

Motar rana ta tashi tuni. Na ji Auta a waje yana waya yana ba wasu haƙuri, ban tsaya saurare ba. Bai ce ya fasa ba, ni ma ban tambaya ba. Jakar tana ƙarƙashin tebur, shi kuma yana kan rubutun bajon makaranta, yana mitar wanda ya zaɓi wannan launin zaren ba shi da ido. Ni na zaɓa.

Baba ya ɗauki kofin nan ya sake wankewa, duk da na wanke, ya zuba shayi ya ajiye masa a gefen hannu.